Safar Gero a Jeren Gwaram

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da muka je jere Gwaram ba, ko da zan ƙara shekara arba'in a duniya (abin da likita bai yi mini alkawarinsa ba). Ni ce dai malamar firamaren nan da ta kwashe rabin rayuwarta tana koya wa 'ya'yan mutane lissafi da awo a Kiyako, amma ta kasa tsayawa minti biyu a auna ta. Da ni kaɗai taurin kan ya shafa, da tuni na yi dariyata na share. To ba ni kaɗai ba ce, shi ya sa har yau idan na fara ba da labarin dariyar takan maƙale mini a wuya.

Wata bakwai kafin wannan rana aka yi mini aiki aka cire mini maman hagu. Ciwon daji ne. Shi ne ya yi ajalin mahaifiyarmu, sai dai a zamaninta ba a kiran sunansa, cewa ake yi ƙurji ne ya ƙi warkewa. Ni kam an kira shi da sunansa, an yanke, sannan aka bi ni da ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi da kashe baki. Na rame har zanin da a da yake yi mini kaɗan ya koma yana zagaye ni da saura. Mutum uku ne kawai suka san gaskiya: Malam maigidana, da ƙanwata Rabi, da 'yarta Asma'u. Duk sauran jama'a, har abokan aikina, gyambon ciki muka ce musu.

Ɓoyewar tana da dalili. An sa ranar auren Asma'u da wani saurayi ɗan Gwaram, wanda ta shekara uku tana so, shi ma yana zirga-zirga a babur har unguwarmu ta san ƙarar injinsa. Yarinya ce mai hankali, tela ce, kekenta ba ya hutawa. Ranar da aka sallame ni daga asibiti Rabi ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna.

"Yaya, don girman Allah a rufe maganar nan har a ɗaura. Kin san mutanenmu. Cewa za su yi gado ne, ya ci uwa, ya kama 'ya, saura jika."

Na ce mata kada ta damu, ni ce nan rufin asiri. (Ku riƙe wannan alfaharin, don bai daɗe ba.)

Da na koma makaranta sai matsalar da ban taɓa tunaninta ba ta taso: me zan cusa a wajen? Na fara da tsumma. Tsumma ba shi da nauyi, yawo yake yi. Wata rana ina rubutu a allo na ji wani abu yana taɓa mini haɓa a ƙarƙashin hijabi, ashe maman jabu ne ya hau gaida kafaɗa. Na gwada auduga, ita kuma zufa ta mayar da ita ƙulli. Sai basirar malaman lissafi ta zo mini. Na ɗauko tsohuwar safar Malam, na auna gero gwangwanin madara ɗaya da rabi, na zuba, na ɗinke bakin. Wallahi ya zauna daram, nauyinsa ɗaya da na dama, har na tsaya ina yaba wa kaina. Gero na auna shi har sau biyu don kada a samu kuskure, amma ni mai ɗaukarsa ban auna kaina ba.

Saura mako ɗaya biki na ga dole in sayi sabuwar rigar mama, don tsofaffin duk robarsu ta saki. Na tafi gidan Maman Sadiya, wata mata da take sayar da irin waɗannan kaya a ɗakinta a bayan kasuwar Birnin Kudu. Mace ce mai surutu, amma ta san sana'arta. Bayan mun gaisa na ce ta ba ni lamba arba'in.

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Ta wa, Malama?"

"Tawa mana."

"Haba Malama. Wannan jikin ba na arba'in ba ne. Cire hijabin in auna ki, ba kowa, yaran sun tafi islamiyya."

Ta zaro tef daga wuyanta tana yi mini bayani. Wai sau biyu ake awo. Na farko a ƙasan mama, daidai haƙarƙari, a matse tef ɗin sosai, shi ke ba da lamba. Na biyu a kan maman, inda ya fi cika, kuma tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ke nuna zurfin mazaunin. Ta ce yawancin matan da ke zuwa wajenta lambar da aka sa musu a lefe suke riƙe da ita har tsufa, kamar jiki ba ya canzawa. Ta ce kuma ba igiyar kafaɗa ce ke riƙe kaya ba, ɗamarar ƙasa ce, idan ta yi sako-sako to komai ya tashi.

Duk na ji. Amma tana matsowa da tef ɗin nan sai na ja da baya. Idan ta zagaya hannunta za ta taɓa safar, idan ta taɓa safar kafin la'asar kasuwa ta ji. Sai na ɗaure fuska irin ta malamai.

"Tun haihuwata ta uku arba'in nake sawa. Ba yau na fara ba."

Na karɓi rigar, na yi mata awon da iyayenmu ke yi a kasuwa: na dunƙule hannu na zura a mazaunin, na ga ya shiga, sannan na zagaya ta a kan hijabina na ga ta kama ni daidai. (Yo ina za ta ƙi kama ni, a kan hijabi da riga da shimi?) Maman Sadiya ta taɓe baki ta ce, "To Malama, Allah ya sa ta yi." Na ce amin da ƙarfi, na fito ina jin na yi nasara.

A gida na gwada, sai ga ta tana lilo a jikina. Na sa ƙugiyar a ramin ƙarshe, duk da haka hannuna biyu suna shiga ta baya. Na ninke ta na soka fil. Asma'u ta shigo ta tarar da ni ina kokawa da fil ɗin, ta ce, "Inna, kawo in rage miki ita, in ɗinka miki ɗan aljihu a ciki yadda abin ba zai motsa ba. Minti goma ne. Sai dai in auna ki."

"Ki je ki ji da kayan aurenki," na ce mata.

Gaskiyar ita ce ba bakin kasuwa kaɗai nake tsoro ba. Tun da aka cire bandejin ban taɓa tsayawa na kalli wurin ba. Idan zan yi wanka sama nake kallo. Abin da ni mai shi na kasa dubawa, ban ga yadda zan buɗe wa 'yar da na goya ba.

Ana iya tambaya me ya kai ni jeren tun farko. Ai uwar amarya ba ta zuwa jere, 'yan uwanta ke zuwa, kuma ni ce babbar yayar Rabi. Duk jeren da aka yi a danginmu ni ke tsayawa a kai, ni ke cewa a matsar da gado, a daidaita kwanuka. Idan ba a gan ni ba sai an tambaya, tambayar kuma ita muke gudu. Don haka ranar Alhamis da hantsi muka cika mota mu takwas, akori-kura tana biye da mu da gado da kujeru. Ɗaurin aure kuwa sai Asabar.

Gidan angon yana gefen gari, sai an sauka daga kwalta an bi wata hanya mai gargada. Duk ramin da muka faɗa sai in ji safar ta zame. A nan na yi dabarar da ta ƙarasa ni. Na zura hannu a ƙarƙashin mayafi, na zare fil ɗin, na soke safar da rigar maman gaba ɗaya don su zauna tare. Tsohuwar safa ce, ta sha wanki, ta yi shara-shara. Ban kawo wannan a raina ba.

Aka tarbe mu da guɗa. Babba a cikin matan gidan ita ce Hajiya Lami, gwaggon ango, doguwar dattijuwa mai ɗan gilashi, wadda tun a mota aka faɗa mini ko uban angon ba ya ƙetare maganarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, an ce kin yi jinya. Yaya ƙarfin jiki?" Na ce da sauƙi, gyambon ciki ne. Ta ce Allah ya ƙara afuwa. Muka sha ruwa, muka ajiye mayafai tunda duk mata ne, muka kama aiki.

Na yi ta kai-kawo tsakanin ɗakin amarya da zaure inda aka sauke kaya. Can sai na fara jin wani abu yana bin cikina kamar kiyashi. Na ɗauka zufa ce. A zuwa na uku na lura da wata kaza tana biye da ni. A na huɗu sun zama biyar, har da 'yan tsaki. Idan na tsaya su tsaya suna tsattsaga a gindin ƙafata, idan na tafi su biyo. Wata daga cikin matan gidan ta ce, "Ikon Allah! Malama, kina da farin jinin kaji." Aka yi dariya. Ni ma na yi, har da cewa ai ko a gida haka suke yi mini. (Ba ni da kaza ko ɗaya a gida.)

Da ina da hankali, da a nan na nemi banɗaki. Amma aka kira ni wai labulen ƙofa ya karkace, kuma ba mai iya daidaita shi sai Malama. Aka kifa mini turmi a bakin ƙofar, ta wajen tsakar gida, na hau. Matan duka, namu da nasu, suka taru a bayana suna cewa a ɗaga dama, a sauke hagu. Na ɗaga hannuwana biyu sama iya ƙarfina.

Abin da Maman Sadiya ta faɗa shi ya faru. Ɗamarar da ba ta kama jiki ba ta bi hannuwana ta yi sama har hammata. Na ji ɗan ƙarar yagewa, sai gero ya zubo ta ƙasan rigata, shaaa, a kan turmin, a kan ƙafafuna, a kan ƙasa. Safar ta biyo baya ta faɗo tim. Kaji suka yi caa. Wani jan zakara ya cafki safar ya ruga da ita tsakiyar gida yana girgiza ta, sauran geron yana watsuwa.

Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, biyu suka taya ta. Na juyo a kan turmin, hannuwana har lokacin a sama don na manta da sauke su. A nan dariyar ta mutu. Rigar atamfa ce ɗinkin jiki, ba mayafi. Gefen dama yana nan yadda Allah ya yi shi, gefen hagu kuwa ya shafe, rigar ta lotsa ciki. Mata wajen ashirin suna kallo. Ba abin da ake ji sai bakin kaji a ƙasa.

Ban san yadda na sauko ba. Wata 'yar uwarmu ta yafa mini mayafi. Hajiya Lami ta taka a hankali ta kori zakaran, ta ɗauki safar ta karkaɗe, ta ninke ta biyu, ta miƙo mini da hannu biyu kamar kayan da aka ba ta ajiya.

"Sannu, Malama. Allah ya sa kaffara ne."

Na ce amin. Ta gyara gilashinta, ta rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba.

"Ita marigayiya mahaifiyarku, me aka ce ya yi ajalinta?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Hawan jini zan ce, shi muka shirya da Rabi. Amma ina tsaye da safar mijina a hannu, gero cike da yatsun ƙafata, sai na ji ƙaryar ta fi ƙarfina. Na ce, "Kwananta ne ya ƙare, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. "Haka ne. Allah ya jiƙanta."

Aka kawo mana shinkafa da miyar kaji, ban iya kai loma ba. Aka ƙarasa jeren ba ni. Muka shiga mota muka dawo Birnin Kudu.

Ranar Juma'a da safe aka aiko cewa a ɗaga ɗaurin aure, wai uban angon ba ya jin daɗi. Bayan mako biyu aka ce ana shawara. Saurayin ya zo sau ɗaya ya yi wa Asma'u rantse-rantse, daga nan ba mu sake jin ƙarar babur ɗinsa ba. A mako na biyar akori-kurar da ta kai kayan ita ta dawo da su. Ina tsaye a ƙofar gidan Rabi aka sauke gadon, da kujerun, da kwanukan da na jera da hannuna, har da labulen, an ninke shi tsaf.

Rabi ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, ai da kin bari ta ɗinka miki." Daga nan gaisuwarmu ta koma ta maƙwabta. Na koma gida na kwanta. Kwana tara ban je makaranta ba, ba don ciwon jiki ba. Ina ta lissafi, sana'ata ke nan: minti biyu a ɗakin Maman Sadiya, ko minti goma a gaban keken Asma'u, a gefe ɗaya, shekara uku na rayuwar yarinya a ɗaya gefen. Duk yadda na juya lissafin ni ce da laifi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da likita ya faɗa mini sakamako.

A rana ta goma da la'asar na ji sallamar Asma'u. Tun ranar jere nake gudun haɗa ido da ita. Ta shigo ta rame, idonta ya faɗa, tef rataye a wuyanta. Ta gaishe ni ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Inna, tashi ki cire rigar."

"Asma'u, ki yafe mini. Ni na..."

"Tashi dai tukuna."

Na tashi. Na cire. Na ɗaga kaina sama kamar yadda na saba. Na ji tef ɗin da sanyinsa ya zagaye haƙarƙarina, na ji yatsunta sun bi ta kan tabon ba tare da sun yi rawa ba. Ta ce talatin da huɗu. Sannan ta ɗora bakin tef ɗin a tsakiyar ƙirjina, ta bi da shi ta kan maman dama har tsakiyar bayana, ta ce haka ake yi wa mai guda ɗaya, a auna rabi a ninka biyu, ta tambaya an koya mata. Ta rubuta a tafin hannunta.

Talatin da huɗu. Ashe inci shida na jikina sun tafi, ni kuma ina ta yi musu sayayya. Ban san lokacin da na sauke kaina na kalli wurin ba. Tabo ne kawai, dogo, ya ɗan karkace, ya warke. Wannan ne abin da na ɓoye har ya ci auren yarinya.

Na ce, "Na raba ki da mijinki saboda kunyar banza."

Ta naɗe tef ɗin a yatsanta. Hawaye na zubo mata, ba ta share ba.

"Ina sonsa, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Har yanzu idan na ji babur sai na leƙa. Amma na yi tunani. Idan ciwon nan gadon ne da gaske, wata rana ni ce zan tsaya a tsakar gidan nan da gefe ɗaya. Yau gado da kujeru kawai suka dawo da su. Ran nan da har da ni za a ɗora a motar."

Ta ɗauki rigar maman nan ta lamba arba'in ta tafi da ita, washegari ta dawo da ita an rage, da ɗan aljihu a gefen hagu mai maɓalli, da ƙaramin matashi da ta ɗinka daidai wajen. Na ɗaga hannu sama har sau uku a gabanta, ko motsi bai yi ba.

Asma'u tana nan gidan uwarta tana ɗinki, har yau ba ta yi aure ba. Rabi takan amsa gaisuwata, wani lokacin har ta ƙara da tambayar jiki. Ni kuwa darasin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, kuma na saye shi da tsada da abin da ba nawa ba: idan mai tef ta ce ki ɗaga hannu, ki ɗaga a ɗaki, gaban mutum ɗaya. In kin ƙi, za ki ɗaga shi a kan turmi.